Kawu Ba Ya Ajiye Wuƙa a Ƙasa

Jama'a, a gyara zama, a kashe rediyo, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Ga shi nan tafe: dodon wayoyin hannu, firgicin matan bene, mutumin da ya kashe ni har sau uku a mako guda kuma har gobe ina durƙusa masa da safe. Sarkin kaifi, angon dutse, mai keken da ake tuƙawa ba ya zuwa ko'ina. Kawuna ne, ƙanin mahaifiyata. Sana'arsa washin wuƙa.

In kun haɗu a hanya ba za ka waiwaya ba. Gajere ne, siriri, da tabarau mai kauri wanda aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Tabaran ba na gayu ba ne, na kare ido daga tartsatsi ne. Kekensa ya girme ni. A jikinsa aka kafa dutsen washi mai zagaye, da bel da ya haɗa shi da tayar baya. In ya sami aiki sai ya ɗage tayar a kan ƙafar ƙarfe, ya hau, ya yi ta taka feda, dutse na juyawa, shi kuwa yana nan inda yake. Na taɓa lissafa masa cewa da tafiya yake yi da tuni ya zagaye duniya. Ya ce mini da aiki nake yi da tuni na yi aure.

Ba ya shela da baki. Wani guntun ƙarfe ne yake bugawa a jikin keken, ƙwal-ƙwal, ya ɗan yi shiru, sannan ƙwal. A wurin babansa ya gaji bugun, tare da keken da unguwannin da yake bi. Mata na jin wannan ƙarar sai su fito da wuƙaƙe da almakasai, wata da tsohuwar adda. Ya san wuƙar kowane gida kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Ba ya sa alama, ba ya tambaya.

Yana kuma da doka guda, ita ma gado ce. In ya gama washi, zai goge wuƙar da tsumma, ya gwada kaifin a farcen babban yatsansa, ya juya ta ya kama bakin, ya miƙa wa mai ita mariƙin, hannu da hannu. Ba ya miƙa tsini, ba ya ajiyewa a ƙasa, ba ya ba yaro saƙo. An ce babansa ya taɓa ajiye wata a dokin ƙofa, wata yarinya mai rarrafe ta riga uwarta isa. Ba na tambayar sauran labarin, shi ma ba ya bayarwa.

Haka ya yi ta rayuwarsa, ba a san shi da komai ba sai kaifi, har Darakta ya faɗo cikinta.

Darakta abokina ne. Ainihin sana'arsa tura wa mutane finafinai a waya, a wani ɗan shago da bai fi banɗaki faɗi ba. Ya kalli finafinan tsoro har ya ga shi ma zai iya. Ya aro kyamara, ya ƙirƙiro labari: lokacin babban hutun ƙarshen shekara kowa a wani bene ya yi tafiya, waɗanda suka rage sai wani mutum ya riƙa bin su ɗaki-ɗaki yana yankawa da wuƙar gidansu. Sunan fim ɗin Wanda Bai Tafi Hutu Ba. Benen ma na gaske ne, yana kan hanyar Kawu, yawancin masu hayarsa sun tafi hutun da gaske, maigadi ya buɗe mana ƙofa saboda an yi masa alkawarin zai fito a ciki.

Araha ba ta ado. Ba mu da fitilu, don haka duk kisan da aka yi a fim ɗin da tsakar rana aka yi shi. Jininmu tumatirin gwangwani ne da ruwa. 'Yan wasa ba su isa ba, shi ya sa na mutu a matsayin ɗalibi, na sa hula na mutu a matsayin mai gyaran famfo, na yafa zane na juya baya na mutu a matsayin wata baiwar Allah. Wanda zai fito a makashin kuwa wani ƙato ne mai ɗaga ƙarfe. Ana gobe za a fara ya bugo waya ya ce shi ma ya tafi hutu.

Muna tsaye a barandar sama, Darakta ya dafe kai, sai muka ji ta daga ƙasa. Ƙwal-ƙwal. Shiru. Ƙwal.

Benen babu kowa, ƙarar ta hau matattakala ta zagaya ta dawo. Darakta ya leƙa, ya daɗe yana kallo.

"Wane ne wancan?"

"Kawuna ne. Ko kaza ba ya iya yankawa, sai dai ya wasa wa mai yankan."

Ya sauka a guje. Ni ma na bi, don kada a yi babu ni.

"Baba, sannu da aiki. Wasan kwaikwayo muke yi, muna son ka fito."

"Zan yi magana?"

"Ko kalma ɗaya."

"Zan bar kekena?"

"Da shi ma muke so."

Kawu ya karɓi wuƙar da ke hannun Darakta, ya shafa bakinta, ya girgiza kai. "Da wannan kuke kisan? Ai ko ayaba ba za ta mutu ba." Ya hau keke ya wasa ta. Yadda ya shiga harkar fim ke nan.

An so a rufe masa fuska da buhu mai huji biyu, ya ce ba ya gani. Aka bar shi da tabaransa, aka ɗora masa tsohuwar rigar ruwa. Fuskarsa tana nan tas, wadda kowace mace a unguwannin nan ta sani.

Mutuwata ta farko ba zan manta da ita ba. Ina kwance a siminti, tumatir a wuya, ƙudaje sun taru kamar an aika musu goron gayyata. Abin da aka ce Kawu ya yi shi ne ya yar da wuƙa ya juya ya tafi. Na ji shiru ya yi yawa, na buɗe ido kaɗan. Sai na gan shi ya zaro tsumma yana goge wuƙar a hankali. Ya gwada ta a farce. Ya juya ta, ya tsuguna a kaina, ya miƙo mini mariƙin. Ya tsaya yana jira, ni gawa, in karɓa.

Darakta ya tsayar da ɗaukar hoton. "Kat! Baba, yar da ita za ka yi. A ƙasa."

"Ba a ajiye wuƙa a ƙasa."

"Wasa ne fa."

"Wuƙar ba ta san wasa ba ne."

Darakta ya mayar da hoton baya don ya nuna masa inda ya yi kuskure. Muka haɗa kai muna kallo a ɗan allon kyamara. Rana tsaka, farin haske, mutum a tsugune da ladabi yana miƙa wa gawa wuƙarta, gilashin tabarau ya ɗauki rana har ba a ganin idanu. Babu wanda ya yi dariya. Na ga gashin hannun Darakta ya miƙe.

"A bar shi haka," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Kowane kisa haka za a yi."

Ba mu da mai kiɗa, don haka aka ɗauki ƙwal-ƙwal ɗin Kawu aka sa kafin kowane kisa.

Gaskiya fim ɗin bai yi kyau ba. Ana ganin inuwar mai riƙe da makirufo. A mutuwata ta biyu gawata ta sosa ƙafa, saboda tururuwa sun gano tumatirin. Maigadi ya kalli kyamara ya ɗaga hannu yana gaida iyalinsa. Mutane suka yi ta turawa juna daga waya zuwa waya don su sha dariya, har aka raɗa mini Gawa Mai Susa. Amma na lura da wani abu a duk inda na tarar ana kallo. Ana dariya, ana dariya, da zarar an ji ƙwal-ƙwal sai dariyar ta ɗauke kamar an ɗauke wuta.

Yara ne suka fara. Da suna bin keken Kawu don kallon tartsatsi, yanzu suna jin ƙarfen sai su watse, wani ya bar takalmi ɗaya. Kawu ya ce gara haka, da ma suna tare masa iska.

Sai kuma wata rana matar direba, wadda take hawa na sama a benen nan, wadda Kawu ya san wuƙarta tun tana amarya, ta kawo washi. Tana ta hira, tana cewa ta gan shi a fim, ashe Baba ɗan wasa ne. Ya gama, ya goge, ya gwada a farce, ya juya, ya miƙa mata mariƙin. Ta kalli mariƙin, ta kalli tabaran. Hannunta ya ƙi tashi. Ta ja da baya, ta ja da baya, ta juya ta haye sama ba takalmi. Ya tsaya a tsakar gidan da wuƙa a hannu har mijinta ya dawo daga aiki.

Ba wanda ya ce Kawu ya yi wani laifi. Abin da ya fi ciwo ke nan. In ka tambaye su sai su ce, "Ai mun san fim ne." Sun sani ɗin. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi, su kuwa a waya maciji ya sare su. Kawu na shiga layi, ƙofofi na rufuwa a gabansa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ba da ƙarfi ba, don kada ya ji haushi. Labule ya motsa. Rediyo ya yi shiru. Ya bi layin har ƙarshe yana buga ƙarfensa, ya fita ta ɗaya bakin, sannan ya ji bayansa ana buɗe ƙofofi.

Watanni suka yi ta tafiya a haka. Dutsen ya fara yin ƙura. Inna, matarsa, ta kawo shawara iri-iri.

"Ka canza bugun. Ka sayi usur."

"Bugun babana ne."

"To ka cire tabaran in za ka miƙa."

"In miƙa wuƙa ban ga hannun da zai karɓa ba?"

"To ka ajiye musu a faranti mana, malam! Farantin ma ƙasa ne?"

"Farantin a ina za a ajiye shi?"

Ta juyo kaina. "Kai kuma Gawa, ka tsaya kana washe baki. Ku da fim ɗinku na tumatir."

Da babban hutu ya sake zagayowa, Kawu ya kira mai sayen tsofaffin ƙarafa ya duba keken. Da mutumin ya tafi, Kawu ya ce da Inna gobe zai je benen nan, can aka fara. In an karɓi wuƙa daga hannunsa, to. In ba a karɓa ba, zai kwance dutsen, keke ya tafi ga mai ƙarafa, shi ya zauna a gida. Ya faɗe shi kamar mai cewa za a yi ruwa. Inna ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Washegari na bi shi. Na ce rakiya ce, gaskiya ƙafata ce ba ta iya zama.

Rana ta take. Shaguna a kulle, titi fayau, ko kare ya nemi inuwa. Daidai irin hasken da muka yi fim da shi. Ƙofar benen a buɗe, kujerar maigadi babu kowa, sai butarsa. Kawu ya tura keken cikin tsakar gidan ya buga. Ƙwal-ƙwal. Ƙwal. Ƙarar ta hau ta sauko. Ba wanda ya leƙo.

Muka hau sama. Hawa na ƙasa duk kwaɗo ne a ƙofofi, sun yi tafiya. Da muka kai barandar sama na tsaya cak.

Ƙofofi a jere, duk a rufe. A gaban kowace ƙofa an shimfiɗa takardar jarida, a kan kowace takarda wuƙa ɗaya a kwance, tsininta na kallon bango. Har ƙarshen barandar. Ashe matan sun gaji da yanka albasa da abin da bai fi cokali kaifi ba, suka haɗa baki a kan wannan dabara: da an ji ƙarfensa a fitar da wuƙa, a rufe ƙofa, ya wasa ya ajiye ya tafi, ba a ga juna ba.

"Kawu," na ce, "ai ga aiki ya samu."

Ya sunkuya. Ya bi yana ɗaga su ɗaya-ɗaya daga ƙasa, da sauri, kamar mai tsince yara daga titi.

Ya wasa su a tsakar gida. Kukan dutse ya cika benen, siriri, mai shiga haƙori. Ina ɗaga kai ina ganin labulaye suna motsi ba iska. Da ya zo kan ta ƙarshe sai ya dakata da feda. Tsohuwa ce, mariƙin katako ya yi baƙi, bakinta ya sirance saboda yawan washi. Ya kai ta kusa da tabarau, ya karkata ta a rana.

"Wannan washin babana ne," in ji shi. "Ta daɗe ba ta zo ba."

"Ta wace ƙofa ce?"

"Ta ƙarshe."

Ya naɗe su a tsumma, muka koma sama. Ya tsaya a ƙofar matar direba ya ƙwanƙwasa. A ciki wani yaro ya fara kuka, aka toshe masa baki.

"Baba," muryarta ta fito ta jikin katako, "ajiye a nan kan takarda. Allah ya saka da alheri."

"Ba a ajiyewa a ƙasa, 'yata. Miƙo hannu kawai."

Ina jin numfashinta. Ya tsaya riƙe da bakin wuƙa, mariƙin na kallon ƙofa, rana a tabaransa. Wallahi ni da na san shi tun ina cikin tsumma, ni da na san yana tsoron allura, sai da na matsa gefe. Ya jira iya jira, ya mayar da ita cikin tsumma, ya matsa gaba.

Ƙofa ta gaba ba a ma amsa ba, sai ƙarar sakata da aka ƙara turawa. Ta gaba aka kashe talabijin. Ta gaba wata ta ce mijinta ba ya nan, ta sake tunani ta ce yana nan, yana barci. Ƙunshin da ke hannun Kawu bai ragu ba. Ina bayansa ina kallon wuyansa, na ga ya tsufa tsakanin wannan ƙofa da waccan. Na nemi abin barkwanci in faɗa, na laluba ko'ina, babu.

Saura ƙofar ƙarshe. A nan na yi mutuwata ta uku, har yanzu akwai dabbaren tumatir a bango, ya bushe ya yi baƙi. Kawu ya zaro tsohuwar wuƙar, ya goge, ya gwada a farce, ya juya ta. Ya ƙwanƙwasa.

Ban ji takun kowa ba. Ban ji makulli ba. Ƙofar dai ta ja baya da wani dogon kuka, ta buɗe kamar faɗin tafin hannu. Ciki duhu ne, duk da ranar da ake yi, wata iska mai sanyi da warin rufaffen ɗaki ta bugi fuskata. Sai hannu ya fito. Dogo, busasshe, fari fat da ƙura har wuyan hannu. Bai yi rawa ba, bai yi sauri ba. Ya kama mariƙin kamar wanda ya saba. Kawu ya saki. Hannun ya koma, ƙofar ta rufe.

Wannan kukan ƙofar kowa ya ji shi a barandar. Can sai sakata ta motsa a bayanmu. Matar direba ta leƙo da rabin fuska.

"An karɓa?"

"An karɓa," in ji Kawu.

Ta kalli ƙarshen barandar, ta kalli ƙunshin. Ina jin kunya ce ta kama ta, a ce wata ta riga ta, ita da Baba ya sani tun tana amarya. Ta runtse ido ta miƙo hannu kamar mai jiran bulala. Kawu ya ɗora mata mariƙin a tafi. Ta buɗe ido ɗaya, ta ga ba ta mutu ba.

"Baba, tsaya," in ji ta. "Akwai almakashi."

Shi ke nan. Sakata bayan sakata. Wadda mijinta ke barci ta fito da adda. Kafin a jima tsakar gida ta cika, ana ta dariyar da ta fi ƙarfin abin dariyar, kowace na cewa ita da ma ba ta ji tsoro ba. Yara suka dawo kallon tartsatsi, daga nesa.

Ni kuwa ƙishirwa ta kai ni bakin ƙofa, na tarar maigadi ya dawo kujerarsa. Na sha ruwan butarsa, na ce, "Wace jaruma ce a ɗakin ƙarshe na sama? Ita ta ceci kawuna yau."

Ya dube ni. "Wane ɗakin ƙarshe?"

"Inda na mutu da zane."

"Kai dai ba ka rabo da shiririta. Tun da kuka zuba tumatirinku babu wanda ya yarda ya kama ɗakin nan. Kafin ku ma ya daɗe a rufe, tun da tsohuwar da ke ciki ta rasu." Ya laluba aljihu ya ciro makulli mai tsatsa, ya kaɗa mini a fuska. "Ga shi. Ko shara ban shiga yi ba."

Na ajiye butar. Na ɗaga kai. Daga nan ana hango ƙofar, a rufe, rana na dukanta, takardar jaridar na nan a gabanta ba ta motsa ba.

Na ruga wurin Kawu, na kutsa tsakanin mata, na sunkuya a kunnensa. Na gaya masa abin da maigadi ya ce. Na gaya masa makullin na gani da idona. Na ce Kawu, ka san wa ka miƙa wa wuƙa? Na ce duk duniya babu mai washin da aka taɓa buɗe wa ƙofa daga can ɓangaren sai kai, na ce wannan ya wuce fim, ya wuce Darakta, ya wuce kakan Darakta, na ce Kawu ka dube ni.

Bai daina taka feda ba. Ya ɗaga almakashin matar direba, ya buɗe ya rufe kusa da kunnensa.

"Ko ma wane ne, wuƙarsa ta dakushe," in ji shi. "Matsa, ka tare mini haske."